Kundin bibiyar tauraruwa mai wutsiya Tsuchinshan-ATLAS da asuba, 2024

16 ga Satumba

Tauraruwar da ake dako ita ce C/2023 A3. Cibiyar binciken taurari ta Purple Mountain da ke ƙasar Sin ce ta fara kama ta a hoto ranar 9 ga Janairu 2023, na'urar ATLAS da ke Afirka ta Kudu ta sake gano ta ranar 22 ga Fabrairu, shi ya sa take amsa suna biyu. Ranar 27 ga wannan wata za ta fi kusantar rana, da tazarar kilomita miliyan 58, ranar 12 ga Oktoba kuma ta fi kusantar duniya, da tazarar kusan kilomita miliyan 71. A watan Yuli masanin taurari Zdenek Sekanina ya yi hasashen za ta wargaje tun kafin ta isa rana. Ba ta wargaje ba tukuna. An sake ganin ta daga Ostareliya da asubar 11 ga wata.

Aikin shi ne a same ta a hoto da asuba daga yanzu har ta nutse cikin hasken rana a farkon Oktoba. Kayan aiki: kyamara mai sensar APS-C, lens na milimita 50 da na milimita 135, ƙafar kyamara mai nauyi, rimot mai igiya, madubin hangen nesa mai ido biyu 10×50, da ƙaramar na'urar bin taurari, mai juya kyamara daidai da juyawar sama. An shigar da tauraruwar cikin manhajar Stellarium ta sashen Solar System Editor, da bayanan hanyarta daga Minor Planet Center. Duk lokacin da aka rubuta a wannan kundi an ƙirga shi ne baya daga fitowar rana, don agogo ya bambanta daga wuri zuwa wuri.

18 ga Satumba

Neman wuri. Wata ya cika yau, don haka ba zancen hoto.

Ko a ranar da ta fi kyau, tauraruwar ba za ta nisanci rana da fiye da digiri 23 ba. Ke nan a ƙasa-ƙasa za a same ta kullum, kuma bishiya guda ko ginin da ya tare digiri 5 na gabas ya isa ya kashe aikin. Dunƙulen hannu a miƙe yana rufe kimanin digiri 10 na sama, da shi aka auna. Wurin farko yana da layin bishiyoyi da ya cinye digiri 7, aka bar shi. Na biyu tudu ne, abin da ke tare gabansa bai wuce digiri 2 ba, kuma ba fitilun gari a wannan sashen.

Za ta ɓullo kudu kaɗan da tsakiyar gabas. Akwai hanya mai sauƙi ta tabbatar da wurin tun da dare: takobin Orion, gajeren layin taurari a ƙungiyar taurari ta Orion, yana fitowa kusan daidai inda za ta fito, sa'o'i biyar kafin ita. Inda aka ga ya ɓullo, nan za a juya kyamara. Da asuba kuma tauraron Alphard ne jagora. Tana ƙasa da shi da dunƙule biyu, ta ɗan karkata hagu, tauraron Regulus kuma yana can hagu sosai.

21 ga Satumba

Sama fes a bisa kai, gajimare kwance a gabas har digiri 12. Ba a ga komai ba.

22 ga Satumba

An same ta, amma kyamara ce ta riga ido. Lens 50, ƙofar haske f/2.8, ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 1600, buɗewa ta sakan 4, minti 65 kafin fitowar rana. A allon kyamara, sai da aka ƙara girman hoto sau 10 sannan ta bayyana: ɗigo mai gashi-gashi da guntuwar wutsiya tana kallon sama. Da aka san wurinta, madubin 10×50 ya nuna ta ba wahala. Da ido kawai babu.

Wata yana sama kusa da Kaza da 'Ya'yanta, haskensa ya wanke sararin. Masu aunawa suna ba ta mataki na 4 a ma'aunin hasken taurari, inda ƙaramar lamba ke nufin haske mai ƙarfi. A sama mai duhu mataki na 4 ido yana ganinsa, amma wannan lissafin na abin da ke bisa kai ne.

23 ga Satumba

An koma lens 135, hotuna suka fito da taurari kamar zobba. Fokas ne. Alamar nesa da ke jikin lens ba abin dogaro ba ce, yawancin lens na zamani suna wuce ta idan an murɗa har ƙarshe, kuma fokas na atomatik ba ya samun abin kamawa a duhu. Gyaran: a kashe atomatik, a juya kan tauraron Sirius, a buɗe kallon kai tsaye a allo, a ƙara girma har ƙarshe, a murɗa a hankali har tauraron ya zama mafi ƙanƙanta. Ƙananan taurarin da ke gefensa su ne shaida, don suna ɓullowa ne kawai idan fokas ya zauna. Sannan a manna tef a kan zoben.

Ko da tef, fokas yana gocewa idan lens ya fito daga ɗaki mai ɗumi yana hucewa a waje. A fitar da kaya rabin sa'a kafin lokaci, a saita, a sake dubawa dab da fitowar tauraruwar. A kashe mai hana girgiza na lens ma, a kan ƙafa ɓarna yake yi.

24 ga Satumba

Fokas ya yi, yanzu taurari sun zama gajerun layuka. An buɗe sakan 2.5 ne bisa ƙa'idar nan ta raba 500 da tsawon lens bayan an ninka shi sau 1.5 saboda sensar APS-C, kuma ƙa'idar ta tsufa, ta zamanin fim ce. Ga lissafin da ya fi dacewa. Sama tana juyawa digiri 15 a sa'a, wato sakan 15 na kusurwa a kowane sakan na agogo (digiri ɗaya yana da irin wannan sakan 3,600), kuma tauraruwar tana kusa da layin sama da ke daidai saman ikwaita, inda gudun ya fi yawa. Abin da fiksel ɗaya ke rufewa shi ne 206 sau girman fiksel a maikiron, a raba da tsawon lens. Fiksel ɗin wannan kyamara maikiron 3.9 ne. A lens 135 ya ba da sakan 6 na kusurwa, ke nan tauraro yana ja fiksel 2.5 a kowane sakan. Sakan 2.5 ya ba da layi mai fiksel 6. A lens 50 kuwa fiksel ɗaya ne a sakan, shi ya sa sakan 4 bai nuna aibi sosai ba ranar 22.

An tsaya a sakan 1.3, f/2.8, ISO 1600, a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto yadda kyamara ta ɗauka, launi a saitin hasken rana. Hoto ɗaya a haka ba ya nuna abin kirki, yashi-yashi ne ya cika shi. Sai an ɗora da yawa kan juna: hoto 100 yana rage yashin kusan sau 10.

26 ga Satumba

Raɓa. Hotuna 40 na farko lafiya, daga nan taurari suka fara yin kumburi da da'irar haske, wutsiya ta ɓace, a ƙarshe kamar ana ɗauka ta cikin hazo. A ƙaramin allo ba a lura da wuri, sai a ɗauka gajimare ne mara kauri. Haska fitila a gaban lens ya nuna ya jiƙe.

Gilashin da ke kallon sarari yana zubar da zafinsa har ya fi iskar da ke kewaye sanyi, kuma dab da alfijir ne iska ta fi sanyi da laima. Lokacin da tauraruwar asuba ke fitowa shi ne daidai lokacin saukar raɓa, babu yadda za a kauce. Shafawa da ƙyalle ba ya magani, cikin minti biyu take dawowa, ga kuma haɗarin taɓa fokas. An sayo ɗamarar ɗumama lens mai USB, ana naɗa ta a bayan gilashin gaba, fawa bank na waya yana riƙe ta. A kunna tun ana kafa kaya, a matakin zafi mafi ƙanƙanta, a sa hular lens, wato bututun da ke kewaye gilashin gaba. Ɗamarar tana hana raɓa sauka, amma busar da wadda ta riga ta sauka yana cin lokacin da babu shi.

27 ga Satumba

Yau ta fi kusa da rana, kuma ta tsira. Sama ta ba da haɗin kai, don haka aka yi amfani da asubar wajen gano lokacin da ya fi dacewa, ta ɗaukar jeri ba tsayawa daga fitowarta har ta ɓace.

Abubuwa biyu ne ke ja-in-ja. Tana hawa digiri 1 a kowane minti 4 a wuraren da ke kusa da ikwaita, a hankali fiye da haka a wuraren da ke nesa da shi. Rana ma tana biye da ita da wannan gudun. Idan an yi sammako sama tana da duhu amma tauraruwar tana cikin iska mai kauri. A digiri 5, haskenta yana ratsa iska ninki 10 na wadda ke bisa kai, a digiri 10 ninki 5.6. Kowane ninki yana cin kashi 0.2 zuwa 0.3 na mataki a iska mai tsabta, fiye da haka idan da ƙura ko hayaƙi. Ke nan a digiri 5 tana asarar mataki 2 zuwa 3, abin da aka ce mataki na 3 ne ya koma kamar na 5 ko 6. Wannan ne ke sa mutane su karanta cewa ido yana ganinta, su fita, su dawo suna cewa ƙarya ne.

Abin da jerin ya nuna: minti 80 kafin rana, kan tauraruwar ja ne dishi-dishi, ba amfani. Minti 70, wutsiya ta fara fita. Daga minti 68 zuwa 55 ne wutsiya ta fi tsawo a hoto, kusan digiri 4. Minti 50, sama ta yi shuɗi, rabin wutsiya ya tafi, amma kan ya fi kyau a madubi. Minti 40, kai kaɗai. Duk aikin dare bai wuce na kwata ɗaya na sa'a ba. Duk abin da za a iya yi tun jiya, cajin batir, share memori, saita rimot, a yi shi jiya.

Saitin haske ma ba ya tsayawa. Bayan minti 55, a riƙa duba jadawalin haske na kyamara duk minti biyu, idan tudun ya wuce tsakiya a rage ISO zuwa 800, sannan 400. Gara rage ISO da taɓa ƙofar haske, don canza ta yana lalata hotunan gyara da za a ɗauka daga baya.

28 ga Satumba

Hadari. An huta.

29 ga Satumba

Gajimare ya hana fita, aka zauna kan hotunan ranar 27, kuma nan ne aikin ya fi cin rai.

Gwajin farko a DeepSkyStacker, manhajar haɗa hotuna, da hotuna 300 gaba ɗaya ya ba da farin allo da ɗigo a tsakiya. Hotunan ƙarshe masu hasken alfijir sun danne na farko. Manhajar kuma ta yi watsi da da yawa saboda ba ta sami isassun taurarin daidaitawa ba. An rage ma'aunin gano taurari har ta riƙa samun 30 zuwa 50 a kowane hoto, aka zaɓi hotuna 120 na minti 4 kacal, daga minti 64 zuwa 60. Sakamakon ya fi na 300 nesa ba kusa ba. A yanzu gudun tauraruwar tsakanin taurari bai wuce digiri 1 a rana ba, cikin minti 4 bai kai fiksel 2 ba, don haka daidaitawa kan taurari ya wadatar.

Matsala ta biyu, kusurwoyin hoto sun yi duhu, ga tabo biyu na ƙurar sensa. Da zarar an ja haske don fito da wutsiya, su ne ke fara fitowa. Maganinsu hotunan farin fili: a rufe lens da farin ƙyalle, a haska shi da farin allon kwamfuta, fokas da ƙofar haske yadda suke, tudun jadawali a tsakiya, guda 30. Sai hotunan duhu 30 da murfi a rufe, ISO da tsawon buɗewa iri ɗaya, a ɗauke su a fili nan take kafin kyamara ta canza zafi.

Ta uku ita ce mai ban haushi. Hasken alfijir yana ƙaruwa daga saman hoto zuwa ƙasa, dole a cire shi. A manhajar Siril, kayan cire hasken bango yana watsa wuraren ɗaukar samfuri a ko'ina cikin hoto, wasu suka faɗa kan wutsiya. Manhajar ta ɗauki wutsiyar a matsayin bango ta share rabinta, ta bar duhu gefe da gefe. Sai an goge duk samfurin da ke kan wutsiya da hannu, har da hanyar da ake zaton ta ci gaba inda ido ba ya gani. Bayan haka wutsiyar ta kai digiri 5.

A ganina yawancin hotunan da ake yaɗawa an ja su fiye da kima, har wutsiya ta yi baki mai kaifi. Wutsiyar ƙura ba ta da baki, narkewa take yi cikin sama.

30 ga Satumba

Siririn wata a hagu, tauraruwar a dama, tsakaninsu kimanin digiri 15. Lens 50 a kwance yana ɗaukar digiri 27, ya haɗa su. Sakan 3, f/2.5, ISO 1600. Gefen watan mai haske ya ƙone, amma sashen da hasken duniya ke haskawa ya fito da kyau. Wani haske kore ya bayyana a ɗaya ɓangaren hoton, wanda ba na sama ba ne: madubin kariya da ke gaban lens ne ke mayar da hasken wata. Aka cire shi, ya tafi.

1 ga Oktoba

Gwajin na'urar bin taurari. Tauraron arewa ba ya ganuwa daga tudun, aka saita da kamfas da ma'aunin karkata na waya, bayan gyara bambancin arewar kamfas da ta gaskiya. Saitin ba cikakke ba ne, amma ya riƙe sakan 8 a lens 135 ba ja. An sauke ISO zuwa 400. Hoto 30 na sakan 8 sun fi 120 na sakan 1.3 tsabta, musamman a ƙarshen wutsiya, sai dai ribar tana nan ne a farkon lokacin kawai. Da alfijir ya ɗan yi ƙarfi, hasken sama ne ke yanke tsawon buɗewa, na'urar ta zama kaya. Wanda ba shi da ita bai yi asarar da yawa ba. Sararin gabas mara shinge ya fi ta amfani.

Yau ido ya gan ta ba madubi, kamar ɗan zane fari a tsaye. Ta fi fita idan an kalli gefenta kaɗan maimakon a zuba mata ido.

2 ga Oktoba

Asuba mafi kyau zuwa yanzu. Ba wata, ruwan daren jiya ya wanke iska. Wutsiya ta riga kai fitowa: a hotunan gwaji na minti 85 ana ganin haske a miƙe daga bakin sama alhali kan bai ɓullo ba. Tana nuna nesa da rana kullum, ranar kuma tana ƙasa, shi ya sa.

Lens 135 a tsaye yana ɗaukar digiri 10, wutsiyar ta fice ta sama. Aka koma 50, bayan haɗawa ta wuce digiri 12. Launinta fari mai ɗan rawaya, hasken rana ne ƙura ke mayarwa. Koren da aka saba gani a kan wasu taurari masu wutsiya, wanda ke fitowa daga iskar kabon mai ƙwaya biyu, bai fito a waɗannan hotuna ba. Wannan mai ƙura ce. Masu kimantawa suna sa ta a mataki na 2.

A sa kan a kason ƙasa na hoto, a bar masa wurin hawa, a sake saita ƙafa duk minti 5. Taurarin ɗan adam sun ja layi a hotuna da dama, don da asuba rana tana haska su sama na da duhu. Zaɓin Kappa-Sigma wajen haɗawa ya share su.

4 ga Oktoba

Ta ƙara haske amma ta koma ƙasa. Lokacin aiki ya ragu zuwa minti 6 ko 7, cikin jan alfijir. Sakan 0.5, ISO 400. Kai mai ƙarfi, wutsiya gajera.

6 ga Oktoba

Ba a same ta ba. An rufe aikin asuba. Daga nan kada a share gabas da madubin hangen nesa: tana kusa da rana ƙwarai, kuma rana ta faɗo cikin madubi ko na ƙiftawa ɗaya tana iya ƙona ido har abada. Ƙa'idar da aka bi tun farko ita ce a ajiye madubi minti 15 kafin fitowar rana.

10 ga Oktoba

Kwanakin nan a allo ake kallonta. Ta ratsa hotunan na'urar LASCO C3 ta kumbon SOHO, wanda hukumomin NASA da ESA ke gudanarwa, kuma kowa na iya buɗe su a intanet. Jiya ta bi tsakaninmu da rana, haskenta ya kai tsakanin mataki −4 da −5. Ba ƙarin ƙura ta fitar ba. Ƙura tana watsa yawancin haske gaba ne, kamar yadda ƙurar ɗaki ke ƙyalli idan an fuskanci taga amma ta ɓace idan an juya mata baya. Wannan hasken zai ragu da sauri da zarar ta kauce daga layin.

Abin da aka kashe: ɗamarar ɗumama lens, tef, da ƙarin memori ɗaya. Manhajojin duka kyauta ne. Wuri a kwamfuta ne ya fi ciwo, RAW ɗaya megabait 25, asuba mai hoto 300 gigabait 7.5, fayilolin da Siril ke samarwa a tsakiya kuma sun ninka haka sau da yawa. An goge na tsakiyan, an bar na asali.

Mataki na gaba na yamma ne. Daga 11 ko 12 ga wata za ta bayyana a yamma bayan faɗuwar rana, tsakanin Zahara da tauraron Arcturus, tana ƙara hawa kowane dare. Ana bukatar sabon wuri mai buɗaɗɗen yamma. Tsarin zai juye: a fara da gajeren buɗewa, a riƙa ƙarawa yayin da duhu ke shiga, a kuma sake duba fokas sau da yawa don lens zai riƙa hucewa ana cikin aiki. Gudunta zai kai kimanin digiri 5 a rana, fiksel 2 a minti a lens 135, saboda haka dole a yi haɗawa biyu, ɗaya kan tauraruwar, ɗaya kan taurari. Wajen 14 ga wata duniya za ta ratsa shimfiɗar hanyarta, lokacin da ake sa ran siririn layin ƙura da ke nuna wajen rana, don haka a bar fili a gaban kai ma, kada a matse shi a ƙasan hoto. Ranar 15 za ta gifta kusa da dunƙulen taurari M5, aikin lens 135 ne. Wata zai cika ranar 17, sai daga 19 ko 20 zai fara makarar fitowa a sami duhu. Kafin nan a sake ɗaukar hotunan farin fili, don an cire lens sau da yawa kuma ƙurar sensa ta canza wuri.